Yadda Ake Rubuta Zullumi da Fargaba a Labarin Jarumta na Tarihi

Yawancin labaran yaƙi da matasa ke rubutawa a waya, daga Sumaila har Ringim, ciwonsu ɗaya: jarumin ba ya jin tsoro. Tun shafin farko an gaya mana sadauki ne, ya sha maganin ƙarfe ya ƙoshi, in ya yi ƙaraji maza na zubewa. To tunda an tabbatar mana ba abin da zai same shi, me zai hana mai karatu ya ajiye waya ya kwanta? Abin da ke hana mutum barci yana bin labari shi ne zullumin abin da zai biyo baya, kuma mai karatu ba ya shiga zullumi sai wanda yake bi a labarin ya fara shiga. Ga yadda ake gina wannan a labarin da aka ɗora kan tarihin ƙasar Kano da Jigawa.

Fara da rarrabe kalmomin

Hausa ba ta yi rowar kalmomi a nan ba, marubuta ne ke cakuɗa su. Razana da firgita na lokaci guda ne: an yi kuwwa, kura ta yi kuka a bayan zango, mutum ya zabura. Tsoro yana da abin da ake tsoro a gaban ido, ga mahayi ga mashi. Fargaba kuwa abin bai iso ba tukuna, amma an san yana hanya. Zullumi shi ne mai tsawo, wanda ake kwana da shi a tashi da shi, ba a san ranar ba, ba a ma tabbatar ko abin zai zo ba. Sai kuma zaman ɗar-ɗar, wanda gari guda ke yi tare.

Razana ba ta cin fiye da jimla biyu. Tsoro yana cin sakin layi ɗaya ko biyu a tsakiyar gumurzu. Zullumi ne ke ɗaukar babi uku ko huɗu, kuma shi ne jarin marubuci. Kafin ka rubuta kowace fitowa, rubuta kalma ɗaya daga cikin waɗannan a gefen takarda don ka san wadda kake nema. Sannan ka yi ƙoƙari kalmar kanta kada ta fito a cikin fitowar.

Tsayar da shekara da gari, sannan ka nemo abin da mutanen ke tsoro

"A zamanin da, a wata ƙasa mai nisa" ba ya haifar da fargaba, don ba wanda ya san abin da ke hanya. Zaɓi wuri da lokaci na ainihi, kowanne da irin nasa zullumin.

In ka ɗora labarin a ƙauyukan kudu maso gabashin Kano, wajen Sumaila, Takai, Birnin Kudu ko Gwaram, a zamanin Sarki Abdullahi Maje Ƙarofi da bayansa, to harin Ningawa ne abin kwana da shi. Nan marubuta da yawa ke kuskure, suna sa mutane tsoron mutuwa kawai. Babban abin da ke cin ran talaka a lokacin shi ne a kama shi ko a kama ɗansa a tafi da shi bauta. Wanda aka kashe an yi masa sutura, an yi zaman makoki, an gama. Wanda aka kama kuwa, uwarsa za ta yi shekaru tana tambayar fatake ko sun gan shi, dangi na harhaɗa kuɗin fansa ba su san wa za su kai wa ba.

In Yaƙin Basasar Kano ne, 1893 zuwa 1895, tsakanin Tukurawa, magoya bayan Sarki Tukur, da Yusufawa, magoya bayan Yusufu, waɗanda suka yi sansani a Takai, zullumin na zaɓen gefe ne. Dagacin ƙauye ya buɗe wa wa ƙofa? In ya bi wannan, wancan ya ci nasara fa? Ga kuma ɗan'uwa a ɗaya rundunar. In gabas ka nufa, akwai zamanin Sarkin Haɗeja Buhari a tsakiyar ƙarni na 19, lokacin da garuruwan maƙwabta ba sa barci da ido biyu rufe. In arewa ce, Damagarawa sun shigo ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1890. In zuwan Turawa ne, sun fasa Bebeji sannan suka ci Kano a farkon Fabrairun 1903, Sarki Alu yana hanyar Sakkwato, Haɗeja kuma ta gwabza da su a Afrilun 1906. Zullumin wannan lokaci na abin da ba a taɓa gani ba ne: ana jin labarin igwa da bindiga mai aman harsashi ba tsayawa, kowane baƙo da irin ƙarin gishirinsa.

Ba dole sai yaƙi ba. Fataucin goro zuwa Gwanja, a arewacin Ghana ta yau, irin wanda Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suka shahara da shi, tafiya ce ta watanni, da ƙetare Kwara, da 'yan fashin ƙasar Bargu, da kuɗin fito a gari bayan gari. Madugu yana da zullumin da jarumin takobi ba shi da shi: jarin mutane ne a hannunsa, goro kuma ba ya jira. Duk bayan 'yan kwanaki sai an kwance huhu, an yayyafa ruwa, an tsince wanda sankara ta kama. Kwana uku da aka tsare ayari a bakin kogi asara ce da yake lissafawa a zuci yana murmushi ga mutanensa.

Ba wa jarumi abu ɗaya da yake gudun rasawa

Kada ka ce yana tsoron komai. Zaɓi abu ɗaya, ƙarami, mai suna. Ƙanensa da aka ba shi amana a fitarsa ta farko. Dokin aro da ubangidansa ya ɗora shi a kai, wanda kuɗinsa ya fi ƙarfin gidansu kaf. Ko kuma, wanda ya fi kowanne kama da mutanenmu, kada a gan shi yana gudu maroƙa su saka shi a waƙa. An ce tsoro na daji, kunya na gida. Saurayin da ya fita yaƙi tare da sa'o'insa na unguwa ya tafi da gida cikin dajin, don haka tsoro biyu ke jansa, ɗaya baya ɗaya gaba. Ka nuna wa mai karatu wannan abu tun babi na ɗaya ko na biyu, lokacin da hankali ke kwance. In sai ranar hari ka fara ambaton ƙanen, ba wanda zai damu da shi.

Jiki: alama biyu sun isa

Abin da fargaba ke yi wa jiki bai sauya ba tun zamanin kakanni. Zuciya na sauri, numfashi na gajarta, yawu na ƙafewa, tafin hannu na zufa alhali yatsu sun yi sanyi, ciki na juyawa, fitsari na matsa mutum, abinci ba ya shiga. Dalili kuwa jiki ne ke shirin gudu ko faɗa, yana janye jini daga ciki da fata ya tura wa manyan tsokoki. In abin ya daɗe sai barci ya lalace, mutum ya zama mai saurin fushi, ƙaramin motsi ya zaburar da shi, wuya da kafaɗa su riƙe.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a juye duka a jimla ɗaya: "Gabansa ya faɗi, hantar cikinsa ta kaɗa, cikinsa ya ɗuri ruwa, tsikar jikinsa ta tashi, gumi ya karyo masa." Kowace daga cikinsu Hausa ce mai kyau, amma an yi ta amfani da su har sun zama kamar tsohon wuri, sun goge. In ka jera biyar, ido tsallakewa yake yi. Ɗauki biyu a fitowa guda, ɗaya sananniya, ɗaya wadda ba a saba rubutawa ba. Duba wannan:

"Ya sake jan majayin sirdi, karo na uku ke nan. Furar da Inna ta dama masa tana nan a ƙwarya, ƙuda na bi. Da aka buga kuge a ƙofar gabas sai ya ji fitsari ya matse shi, alhali yanzu ya dawo daga bayan danga."

Ba a ce yana tsoro ba, kuma ba mai karatun da bai gane ba. Ka kuma ba kowane mutum alamarsa ta kansa wadda za ta riƙa dawowa. Wannan surutu ke kama shi, wancan shiru. Wani hamma yake ta yi, wani yana taɓa layar da ke damtsensa. Idan ka kafa alamar sau biyu, karo na uku jimla ɗaya ta wadatar: "Madugu ya fara tsefe gemu." Mai karatu ya san akwai magana.

Bari kayan zamanin su ɗauki nauyin

Nan ne labarin tarihi ya fi sauran labarai arziki, kuma nan ya kamata ka ɓata lokacin bincike. Kowane makami yana da aibinsa, mai riƙe da shi kuma ya fi kowa sanin aibin.

Lifidi yana tare kibiya, amma cushe yake da auduga, ga nauyi ga zafi, wuta kuma tana kama shi. Ɗan lifida da dokinsa ya faɗi ba ya tashi da sauri. Saboda haka idonsa ba ya kan masu takubba, yana kan rami da kuma duk inda ya hango hayaƙi. Bindigar ɗuri, wadda ake yi wa laƙabi da harba-ka-ruga, harbi ɗaya take yi sai an sake ɗura albarushi, in albarushi ya sha raɓa ta ƙi tashi, in an cika mata ciki ta fashe a hannun mai ita. Mai bindiga zai kwana yana shinshina albarushinsa yana murza shi da yatsa. Doki yana jin mahayinsa: in cinya ta ƙage, hannu ya matse linzami, sai ya fara turjiya yana kaɗa kunne. Jarumi na iya ɓoye wa abokansa, dokinsa ya tona shi a gaban kowa.

Kibiya mai dafi ita ce ta fi kowanne ba marubuci dama. Ana haɗa dafin da 'ya'yan kwankwani, kuma zuciya yake kamawa, shi ya sa ko ƙwarzane aka yi wa mutum hankali ke tashi. Yanzu ka duba: an ƙwarzani jaruminka a damtse, an gama faɗa, an ba shi makari, yana zaune gindin kuka. Zuciyarsa na bugawa, bakinsa ya bushe, cikinsa na tashi. Dafin ne ya fara aiki, ko fargaba ce? Shi kansa ba zai iya rarrabewa ba, don alamun sun yi kama. Wannan zama yana iya cin shafi uku ba tare da an zare takobi ba, kuma ya fi faɗan da ya gabace shi kama zuciya.

Don ganin waɗannan kaya da ido, hawan sallah a Dutse, Haɗeja, Gumel ko Kazaure ya isa ka ga lifidi da sulke da kwalkwali a jikin mutum. Gidan Makama a Kano yana da kayan yaƙin da. Maharban garinku da maƙera sun san sunan kowane ɓangare na kwari da baka. Tambaye su me ke lalacewa, ba me ke aiki ba. Ka je kasuwar Wudil ran Juma'a ko Maigatari ran Alhamis ka tsaya ka kalli yadda dabba ke yi idan ta tsorata.

Magana: mutanenmu ba sa faɗa

Bahaushen ƙarni na 19 ba zai dubi abokinsa ya ce "ina cikin matsananciyar damuwa" ba. An yi masa tarbiyyar dauriya tun ranar kaciya. Tsoronsa yana fitowa ta gefen magana: umarnin da ba lokacinsa ba, faɗa kan abin da bai kai ba, wasan da ya wuce kima.

"Baffa, ƙurar can ta shanu ce ko?"

"Ta shanu ce. Jeka ka ce wa innarka ta shigo da awaki."

"Ai rana ba ta yi sanyi ba, Baffa."

"Na ce ka je."

Dattijon ya yi ƙarya don yaron, umarninsa kuma ya ƙaryata shi. Haka bafade ba zai ce wa hakimi a janye ba. Zai ce, "Ranka ya daɗe, dawaki dai ba su sha ruwa ba tun hantsi," hakimi kuma ya gane.

Wajen mata abin ya fi daɗin rubutu, saboda kunya. Uwa ba ta kama sunan ɗan farinta, ba ta kuma nuna ɗokinsa a gaban mutane. Ranar da mayaƙa ke dawowa ba za ta iya tsayawa ƙofar gida tana tambayarsa ba. Za ta tambayi ɗan kishiyarta, ta tambayi ɗan maƙwabta, sannan can ƙasa-ƙasa ta ce, "Dokin nan mai farin goshi fa, an ga ya shigo?" Matar aure ita ma ba ta faɗin sunan miji. Tana daka, taɓarya ta tsaya a sama duk sanda aka yi sallama a zaure. Marubucin da ya sa waɗannan mata suna birgima suna kiran suna ya zubar da abin da ya fi ƙarfi a hannunsa.

Tsarin babi

A babi mai kalmomi kamar 1,500, ka ba wa jira kashi biyu cikin uku, faɗa ya ɗauki sauran. Labari ya riƙa isowa guntu-guntu, kamar yadda yake isowa a zamanin da ba waya ba rediyo. Da hantsi wani Bafillatani ya ce ya ga sawun dawaki da yawa a mashaya. Da azahar matan da suka je itace suka dawo ba itacen. Da la'asar aka hango hayaƙi ta wajen ƙauyen da ke gaba, wani ya ce ƙunar daji ce, aka yi ta gardama. Da magariba sarkin ƙofa ya rufe ƙofa alhali manoma biyu ba su shigo ba. Kowane guntu ya zama ana iya fassara shi ta hanya biyu, ta lafiya da ta masifa, don zullumi a tsakanin biyun yake rayuwa. Da zarar an tabbatar maharan ne, zullumi ya ƙare, tsoro ya karɓa, sai ka gajarta jimloli.

Yanayi ma ma'aikacinka ne. An fi kai hari da rani bayan an yi kaka, lokacin da rumbuna suka cika, rafuka suka janye. Hazon hunturu yana ɓoye ƙurar dawaki har sai sun matso. Farin wata yana taimakon mai tsaron ganuwa, duhun ƙarshen wata kuma na mahara ne.

Ana iya yin kuwwar banza sau ɗaya: gari ya ruɗe, ashe ayarin jakuna ne. Mutane su yi dariya, su saki jiki, su fara tsokanar wanda ya fi kowa gudu. Sau ɗaya tak a littafi. In ka maimaita, mai karatu zai daina yarda da kai. In kana sakin labarin shafi-shafi a WhatsApp ko Facebook, yanke shafin a kan guntun labari mai fuska biyu, kada ka yanke a tsakiyar sara.

Yadda su suke fassara abin

Wanda zullumi ya yi wa yawa har ya daina barci, ko numfashinsa ke sarƙewa haka kawai, mutanen zamanin za su ce waswasi ne, ko iska ta taɓa shi, ko an yi masa jifa. Za a kai shi wa malam a yi rubutu ya sha, a yi tofi, a ɗaura laya, a turara hayaƙi, wasu gidajen a kira 'yan bori. Kafin fita, madugu ko sarkin yaƙi zai sa a yi istihara ko a zaɓi ranar sa'a. Rubuta waɗannan yadda mutanen suka ɗauke su, ba da izgili ba, kada kuma ka cusa wa tsohuwar 1880 bayanin likita a baki. Kai ka san sunan abin a asibitin yau, aikinka ka rubuta alamun daidai yadda mai fama da shi zai gane kansa. Irin firgicin nan mai taso wa mutum ba dalili yakan kai ƙololuwa cikin kusan minti goma sannan ya fara sauka, ya bar mutum a gajiye liƙis. Kada ka ja shi daga azahar zuwa magariba. Kuma laya tana da amfani a labari ta wata fuska: ranar da jarumi ya shafa damtse ya ji igiyar ta tsinke, ka samu babi guda kyauta.

Bayan an dawo

Kada a ci nasara a buga tambari shi ke nan jarumi ya koma yadda yake. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Ba shi abu ɗaya da ya dawo da shi: ba ya zama ya ba ƙofa baya, ko ƙaurin gashin da aka babbake ranar layya ya fitar da shi daga gida, ko kiɗan farauta ya sa shi laluben kwarin da ba ya rataye da shi. Jimla uku ko huɗu a babin ƙarshe sun isa, ta idon matarsa ko ƙanensa, waɗanda suka lura ba su ce komai ba.

Tacewa

Idan ka gama, bi rubutun da alƙalami sau biyu. Karo na farko ja layi ƙarƙashin kowace "tsoro", "fargaba", "hankalinsa ya tashi" da "gabansa ya faɗi". In sun wuce biyu a shafi, mayar da sauran aikin hannu ko magana. Karo na biyu farauto kayan da ba na zamanin ba, don sun fi yawa a wajen kwatance: "kamar an jona masa lantarki", "cikin daƙiƙa biyar", "jininsa ya hau", "ƙwaƙwalwarsa ta tsaya cak kamar inji". Jirgin ƙasa bai iso Kano ba sai 1911, don haka zuciyar mutumin Basasa ba ta gudu kamar jirgi. Lokaci a wurinsu carar zakara ce, da fitowar gamzaki, da tsawon inuwa, da kiran salla. Nisa zango ne ko tafiyar yini. Wuta da ƙyastu ake yin ta, kuɗi wuri ne, keso guda dubu ashirin. Zuciya tana iya dukan ƙirji kamar sakainar da ake kaɗawa, ko kamar luguden 'yan mata a turmi ɗaya.

Daga nan karanta fitowar jiran da ƙarfi ga wani dattijo ko tsohuwa a gidanku, da daddare bayan lisha. Duk inda suka ce "a'a, ba haka ake cewa ba", tsaya ka rubuta yadda suka faɗa. Inda kuma suka katse ka suka ce "to manoman nan biyu fa, an buɗe musu?", kada ka taɓa wannan shafin.